Bindigar Ɗantsoho da Ɓarin Madubi

"...da mutanen gidan duk lafiya, Iya. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi, Dogo. Ya wuta, ya ƙarfe? Shigo mana, ka toge a bakin zaure sai ka ce mai karɓar jangali. Mene ne wannan ka naɗo a tabarma? In gawa ce yi gaba, maƙabarta tana yamma da gari."

"Ba gawa ba ce, Iya. Saƙon angonki ne."

"Wane angon? Wannan ragon da sai rana ta dake shi yake tashi?"

Ni ne Dogon da ake magana, maƙeri a Sule Tankarkar, abin da na naɗo kuwa bindigogi ne guda biyu, ƙirar hannuna. Ranar wata Asabar ce da hantsi, shekara biyu bayan babban farin nan da ya kwashe wa mutane dabbobi. Iya Safara'u tana zaune a zauren gidansu tana kaɗi. Ta haura tamanin, amma bakinta ko alamar tsufa bai yi ba. Angon nata kuwa jikanta ne, Ɗantsoho, magidanci da matarsa da 'yarsa ta goye.

Ga abin da ya kawo ni. Marigayi mijin Iya shi ne Sarkin Bakan wannan yanki a zamaninsa, ba a taɓa ganin ya dawo daga daji hannu rabbana ba. Tun da ya kwanta dama ba wanda ya sake rataya bindiga a gidan, don uban Ɗantsoho fatauci ya bi. To bana ruwa ya yi, ciyawa ta dawo, barewa ta dawo har tana shiga gonakin wake. Maharba suka sa ranar fitar farko nan da kwana goma, suka kuma aiko da magana: in gidan marigayi bai fito da mai bindiga ba bana, an gaji da ajiye musu gurbi, za a ba wani gidan. Ɗantsoho ya sayar da gyaɗarsa kaf don kada a yi haka, har lasin riƙe bindiga ya je Gumel ya yanko. Sai dai abin da ya rage a hannunsa bai taka kara ya karya ba. Ko dai ya ɗauki bindiga ta gari ita kaɗai, ko ya ɗauki mai araha ya haɗa da wani madubin hangen nesa da ya gano a kasuwar Maigatari.

Akwai kuma abin da ya faɗa mini a maƙera, murya ƙasa-ƙasa, bayan ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Idonsa ba ya gani da nisa. Abu in ya wuce taku ashirin sai ya koma masa dishi-dishi. Ko matarsa ba ta sani ba. Shi ya sa ya ƙwallafa rai a kan madubin nan. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na yarda na rantse, don ni Allah bai yi ni da riƙon magana ba.

Sai ga shi ya fito daga cikin gida yana gyara hula.

"Baba Dogo, sannu da hanya. Wallahi da na san wannan tsohuwar ta tare zauren da a gona na ce mu haɗu. Ke Amarya, tattara audugarki ki ba maza wuri, maganar bindiga za a yi."

"Maza? Ina mazan? Ni dai Dogo na gani. Kai da ka ga ƙadangare a rumbu ka yi ta kururuwa har liman ya katse alwala?"

"Kumurci ne, ba ƙadangare ba."

"Kumurci mai ƙafa huɗu, yana gyaɗa kai. To Allah ya raba mu da irinsa."

"Yi ta zuba. Nan da kwana goma in na shigo da barewa a kafaɗa, ke za ki fara miƙo akushi. Ni kuwa in ce sai wadda ta iya magana da miji."

"Kai da barewa ai sai dai ku gaisa. Ta tsaya ta tambaye ka ya iyali, ta cinye wakenka, ta ce ka gaida gida."

"Kin ga irin halin nan naki shi ya sa har yau ban yi miki zanen salla ba."

"Zanen da ka yi mini bara ma ai har yanzu ina nema in ga inda na ajiye shi. Dogo, ko kai ka gan shi?"

Na ce ni ba a sa ni a rigimar ma'aurata. Na warware tabarma. Ta farko doguwa ce, bututunta na sitiyarin wata matacciyar mota Landiroba ne, ƙarfe mai kauri, ƙotarta ta itacen ƙirya. Wata guda na yi ina fama da ita. Nauyi gare ta, kuma ba ta da ado ko na anini. Ta biyun gajeruwa ce marar nauyi, da bututun famfo na yi ta, na shafa mata jan fenti na naɗa mata farar waya saboda masu son ƙyale-ƙyale.

Na dafa doguwar na ce, "Wannan ita ce bindiga. Waccan kuwa ta zomo ce da zabin daji, ɗuri kaɗan-kaɗan. Tun a maƙera ban ɓoye maka ba."

Ko kallon doguwar bai yi ba. Ya rungumi 'yar jar, ya zaro wani abu daga aljihu ƙunshe a tsumma. Madubin nan ne irin na sojoji mai ido biyu, amma an ɓalle shi gida biyu, ɓari ɗaya ne ya iso Maigatari. Wani mutumin Damagaram ya ba shi ya zo ya gwada, ranar Alhamis ya koma masa da amsa. Wai na wani jandarma ne, ɗan sandan ƙasarsu.

Iya ta miƙa wuya. "To ina ɗaya idon?"

"An sayar wa wani."

"Ikon Allah! Ashe akwai wani wawan a duniya bayan kai. Ka nemo shi mana ku haɗa, ku tashi mutum guda."

"Ke ba ki san zamani ba. Turawa da irin wannan suke harbi. Mutum yana zaune a Gumel zai hangi barewa tana kiwo a Gagarawa, ya zaɓi mai ƙiba."

"In ya harba kuma fa? Harsashin ya tafi tasha ya jira mota ta cika?"

"Baba Dogo, ka ji abin da nake fama da shi. Mace ba ta taɓa wuce Maigatari ba, amma ta fi rediyo sanin duniya."

"Na je Damagaram a ƙafa ubanka yana bayana, ɗan nema. Lokacin kai ko a mafarki ba a yi ka ba."

Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure ɓarin madubin a bayan 'yar jar, tamau. Muka zagaya bayan gida inda fili yake, Iya tana biye da mu tana dogara sanda, wai ba za ta bari a kashe mata miji ba ta gani ba. Ya ɗaga bindigar, ba ɗuri a cikinta, ya manna ido a madubin. Ya daɗe a haka yana juyawa a hankali.

"Baba Dogo," in ji shi, "matan da ke bakin rijiya su uku ne. Ɗaya da jan kallabi. Har gugar nake gani."

Rijiyar nan fa ba wata nisa gare ta ba, ni da tsufana ina ganinsu sarai. Amma yadda ya faɗi maganar, murna tsantsa kamar an yi masa albishir, shi ya sa na kau da kai. Iya ma ta zuba masa ido. Can sai ta tafa hannu.

"Af! Ashe leƙen matan mutane za a yi da shi. Ina zaune da raina! Dogo, kai ne shaida."

"To me zan kalla a gida? Ke?"

"Da ka kalle ni da kyau da ba ka yi kwantai ba har sai da aka taimaka maka da Hannatu."

Ni dai na ga in na biye musu rana za ta faɗi. Na ce, "Ɗantsoho, tsaya ka ji. Madubin nan gabas yake kallo, bakin bindiga yana kallon gabas maso kudu. Roba ce ta riƙe shi, ko tari ka yi ya goce. Sannan bindigar adaka irin wannan in ta tashi, da baya take harbi kamar jaki. Wannan ƙarfen da ka manna a ido, cikin idon zai shige."

"Sai in ja fuskata baya kaɗan."

"In ka ja baya me za ka gani?"

Ya ƙara ƙanƙame ta. Sai Iya ta zungure ni da sanda.

"Dogo, ka yi musu igiya?"

"Doguwar na yi mata har sau biyu."

"Ba ita na tambaya ba."

Na sha jinin jikina. Gaskiya ban yi wa gajerar ba, don ban ƙera ta don babban nama ba. Yin igiya kuwa shi ne a zuba wa bindiga albarushi ninki biyu, a ɗaure ta a jikin bishiya, a ƙulla doguwar igiya a kunamar bindigar, kowa ya ɓuya, sannan a ja. In ta jure, ta zama abin riƙewa. In tana da mugun nufi, bishiya ce za ta sha.

"Iya, ai ta zomo ce."

"Shi kuma zomo ya ce maka zai harba? Ɗurin barewa zai yi mata, ko ba ka ji shi ba? Shekara arba'in ina daka wa mai gidan nan albarushi, ban taɓa barin bindiga ta kwana a ɗakina ba a yi mata igiya ba. Hannun da zai yi mini noma ba zan ba wa bututun famfo ba."

"Ka ji ta ko, Baba Dogo? Hannun da zai yi mata noma. Ba ni take so ba, dawa take so."

"Da me za a so ka? Da wannan wuyan naka irin na zalɓe? Kwance ɓarin idon mutane kafin ka jawo mana rigima da Damagaram."

Ya kwance yana gunaguni. Na ɗura doguwar, na ɗaure ta a jikin wata aduwa, baki yana kallon tudun da ba kowa. Muka laɓe a bayan rumbu, Iya ta ce ita za ta ja, don mazan da ke wurin hannunsu rawa yake. Ta ja. Ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse, hayaƙi ya turnuƙe. Da ya lafa na je na duba, ko gezau. Na shafa ta ina jin daɗi a raina.

Na ɗaura 'yar jar. Iya ta sake ja.

Wannan karon ƙarar daban ce. Da muka fito, bututun ya tsage ya buɗe kamar an fasa kara, wani ɓalli ya nutse a jikin aduwar, ƙotar tana can gefe. Na duba inda ta tsage. Daidai inda hannun hagu yake riƙewa ne. Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ni da nake cika baki a kasuwa, ga abin da na kusa miƙa wa ɗan mutane.

"Dogo," in ji Iya, "Allah ya shirye ka."

Na ce amin.

Ɗantsoho ya zauna a gindin rumbu, ɓarin madubin a hannunsa. Lissafin ba mai wuya ba ne. Mai arahar ta mutu, doguwar za ta cinye abin da yake da shi, madubi kuwa sai ya koma wurin mai shi.

"Baba Dogo, naɗe abarka. Na fasa. Su ba wanda suka ga dama gurbin."

"Ka fasa?" in ji Iya. "Don an hana ka leƙen mata?"

Ya juya mata baya. Ɗantsohon da ba a taɓa kayar da shi a baki ba. Iya ta dube shi, ta dube ni, na yi sauri na shiga tattara igiya.

Sai ta ce masa, "Maigida, ɗago kanka. Mene ne wancan a gindin gawo?"

Ya ɗago, ya ƙanƙance ido. "Akuya ce."

"Sake dubawa."

"Tunkiya ce, to. Ke me ya dame ki da dabbobin mutane?"

"Hannatu ce. Matarka ce a sunkuye tana roron wake, da 'yarka a bayanta."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya dubi bindigar da ke jingine, ya sake duban gindin gawon.

"Ba na gani, Kaka," in ji shi. Yau babu Amarya, babu tsohuwa. "Tun ina yaro ba na gani da nisa. Na ɗauka in na sami madubin nan shi ke nan, ba wanda zai sani. Yanzu in fita cikin maharba in harbi ɗan mutum? Ko in tsaya barewa tana gabana ana nuna mini ina tambaya ina take? A ce jikan Sarkin Baka ne wannan? Gara a ce ragwanci ne ya hana ni." Sai ya juyo kaina. "Baba Dogo, kai ka faɗa mata?"

"Wallahi tallahi ban faɗa ba! Kwana tara maganar tana ci na a ciki, amma ban faɗa ba."

"Dogo ne zai faɗa mini?" Iya ta yi tsaki. "Ni da aka kawo mini kai yaye? Kana shekara huɗu ka rugo da gudu daga ƙofar gida ka rungume turmi kana kiran Kaka. Da ka girma mutane suka yi ta kawo ƙara, wai jikana girman kai gare shi, ana ɗaga masa hannu daga nesa ba ya amsawa. Wa kake tsammani yake bi gida-gida yana ba da haƙuri?"

"Kika yi shiru duk shekarun nan?"

"Kai ka ɓoye abinka, ni in tona maka? Jira nake ka faɗa da bakinka. Ban san sai an fasa bindiga ba tukuna. Ku tsaya nan, kada wanda ya motsa."

Ta shiga gida tana dogarawa. Muka zauna, ni da shi, ba mai kallon wani. Can ta fito da wata tsohuwar jakar fata da baƙin zane a kafaɗa. Ta zauna a kan turɓaya, ta kwance bakin jakar a hankali, ta zaro abin da ke ciki. Kan burtu ne, baƙin tsuntsun nan mai ƙaton baki da ke yawo a ƙasa cikin daji. An busar da shi, an kafa a kan wani lanƙwasasshen itace kamar wuya, an naɗe da baƙar fata, ga maɗaurin goshi. Rabona da ganin irinsa tun ina saurayi.

"Kun san abin da ya sa tsohon bai taɓa kuskure ba?" in ji ta. "Don bai taɓa harbi daga nesa ba. Kun san abin da ya hana shi harbi daga nesa? Ba ya gani. Ya fi ka rashin gani, Maigida, nesa ba kusa ba. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, daga bakin ƙofa ya yi ta washe wa yayata baki, sai da na yi gyaran murya ya gane inda nake."

"Kaka, ki ji tsoron Allah. Sarkin Baka guda?"

"Shi fa. Ana ta yi masa kirari, wai jarumi mai shiga har hancin nama. Ina jarumta? Dole ce ta sa. Barewa ba ta gudun burtu, tare suke kiwo. Sai ya lulluɓa da wannan zanen, ya ɗaura wannan a goshi, ya yi ta rarrafe yana caccakar ƙasa, wani lokaci tun hantsi har azahar. Ba ya taɓa kunama sai ya ga gashin idonta. Masu ido suna can suna ɓarin albarushi daga nesa suna korar nama, shi yana shigowa da shi a kafaɗa. Kuma bai taɓa harbin abin da bai tabbatar ba, ko sau ɗaya. Ni kaɗai na san wannan, sai Allah, yau kuma ga ku. Dogo, in na ji a kasuwa, na san bakin da ya fito."

Na sake rantsuwa, ina kuka da ranar da na fara. Sannan na ce, "Ɗantsoho, in dai a taku goma sha biyar ne, doguwar nan ba ta san kuskure ba, wannan na tsaya maka. Maganar ido kuwa, an ce a Kano akwai asibitin da ake aunawa a ba mutum tabarau daidai shi. In ka sayar da fata biyu uku, ka hau jirgi a Gagarawa Tasha ka je a duba ka."

Ya karɓi kan burtun da hannu biyu yana jujjuyawa. "Kwana goma fa ya rage."

"To ka zauna kana lissafi," in ji Iya. "Ga zabin gidan maƙwabcinmu Manu can a gonar da aka girbe, kusa da kukar nan. Ba abin da ya kai su tsoro. In ka isa gare su, za ka isa ga barewa. Sunkuyo."

Ta ɗaura masa a goshi, ta ja maɗaurin har ya yi ƙara, ta lulluɓe shi da zanen. Na miƙa masa doguwar, ba ɗuri. Ta debi turɓaya ta saki, ta ga inda iska ta kai ta.

"Iska ta riƙa bugun fuskarka, ba ƙeyarka ba. In nama ya ji warinka an gama, kai kuwa ga ka da wari. Durƙusa. Tafi."

Ya durƙusa ya kama hanya, kan burtu yana tangaɗi.

"Sauke ɗuwawun nan! Burtu ne kai ko raƙumi?"

"Ƙarangiya ta cinye mini gwiwa!"

"Ta ci! Tsohon har ya mutu gwiwarsa kamar ta akuya take. Kuma wa ya ce ka miƙe musu kamar mai bin bashin gaisuwa? Burtu ba ya miƙe hanya. Ka yi nan, ka yi can, ka caccaki ƙasa, ka tsaya, ka yi kamar ba ruwanka da su."

Tun bai yi rabi ba zabin suka ɗaga kai suka bushe da kuka, suka zura a guje. Ya dawo yana cire ƙarangiya yana cewa ai tsohuwar ce ta kore su da bakinta. Ta ce kwaɗo ma ya fi shi iya tafiya. Muka jira suka dawo kiwo, ya sake. Na biyun ma haka, sai dai ya ɗan ƙara matsawa. Rana ta take, gumi ya jiƙa zanen, na ce a bari sai gobe. Ya ce a'a.

Ya sake durƙusawa karo na uku. Ya tafi a hankali, ya karkata hagu, ya tsaya, ya sunkuyar da bakin burtun ƙasa sau biyu, ya ɗago, ya juya musu baya ma kamar ya fasa. Sannan ya sake gangarawa. Ni kaina da na san mutum ne a ciki, sai da idona ya fara yaudarata. Zabin suka dube shi suka ci gaba da tonon ƙasa. Taku ashirin. Sha biyar. Goma. Na ji Iya ta kama hannun rigata ta riƙe gam, ba ta ma san ta yi ba. Yana nan yana matsawa har ya shiga tsakiyarsu, wata tana kiwo a gefen gwiwarsa.

Sai muka ji murya daga ƙarƙashin zane, da ƙarfi.

"Kaka! Ina ganinsu! Har ɗigon jikinsu nake gani, har idonsu!"

Fuuu, zabi suka tashi sama gaba ɗaya, ƙura da gashi ko'ina. Ya miƙe tsaye a tsakiyar gona da burtu a karkace a goshi, yana dariya kamar zautacce.

Iya ta saki rigata ta goge ido da bakin mayafi. "Ka gani ko, Dogo? Maharbin da ke yi wa nama shela."

Ya iso yana haki, ya zube a gabanta. "Faɗi gaskiya, Amarya. Na iya ko ban iya ba?"

"Tsohon sai da ya yi rani guda kafin ya shiga tsakiyar zabi."

"Ke nan na fi shi!"

"Ka fi shi surutu. To, na yarda, ka ci. Burtun naka ne, zanen ma na bar maka. Dogo, bar masa doguwar. Amma hantar barewar farko tawa ce, kowa ya shaida."

"Da wane haƙorin za ki ci?"

"A daka mini a turmi, ina ruwanka?"

Ta fashe da dariya har tana tari. Sannan ta kama kansa da hannu biyu, ta gyara masa zaman burtun ya miƙe daidai, ta daɗe tana kallonsa.

"Allah ya ba ka sa'a, Sa'idu," in ji ta a hankali.

Sunan yanka na yaron ke nan, kuma sunan mijinta ne, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗantsoho. Shekara sittin da wani abu ba wanda ya taɓa jin wannan suna a bakinta.

"Kaka," in ji shi, idonsa ya ciko, bakinsa yana murmushi, "kin faɗi sunan."

"Ni? Ƙarya kake, ja'iri! Dogo, ka ji na faɗi wani suna?"

Na ce ni kunnen maƙeri gare ni, guduma ta daɗe da kashe shi, ban ji komai ba.

"Ka ji ko? Tashi ka cire ƙarangiyar nan ka je ka taya matarka ɗaukar wake, in ka gane ta."